Akwatin da Ke Bayan Durowar Inna

Tun da Inna ta dawo gidan 'yarta da zama bayan rasuwar mijinta, intanet ɗin gidan ya koyi sabon hali. Fitilun akwatin intanet da ke falo duk kore shar, bidiyon da yara suka riga suka kunna yana ta tafiya, amma ka rubuta sunan wani shafi sai waya ta ce wai ba ta gano adireshin ba. Can an jima ya dawo garau, ko kunya babu.

Malama, 'yar Inna, daga falo take koyar da ɗalibanta ta kwamfuta, don haka ita ta fi shan wahalar. Mijinta kuwa magani ɗaya ya sani a duniya: ya kashe akwati, ya kunna, ya riƙe ƙugu yana hararar sa. Mai gyara ya zo da rana tsaka Inna tana barci, ya tarar da komai lafiya lau, ya sha ruwa ya kama gabansa.

Wata safiya Inna ta ce, "Ke 'yar nan, ina da ido fa. Tun da na sa ƙafa a gidan nan abin naku ya ƙi zaman lafiya, ga shi aikinki na lalacewa. Gara in koma gidana."

"Haba Inna, ina ruwanki da intanet?"

"Na dai faɗa miki. Ƙarshen mako zan tafi."

Malama ta san gidan can, ba kowa a cikinsa sai kujerar Baba, kuma ta san in Inna ta furta magana ba ta janyewa.

Da abin ya sake tashi, Malama ba ta kira kowa ba. Ta san waya ba ta gane sunan shafi da kanta, sai ta tambayi akwati ya ba ta lambar shafin. Ta shiga saitin wayarta ta duba wanda ake tambaya, sai ta ga wata baƙuwar lamba, ba ta akwatin falo ba. Wato akwai wani karambani a gidan da yake cewa a tambaye shi hanya, alhali ko ƙofar gida bai sani ba.

Tana cikin wannan tunani ta ji butar lantarki tana tafasa a ɗakin Inna. Ta shiga, ta bi wayar butar da ido har zuwa doguwar soket da ke bayan durowa. Nan ta ga tsohon akwatin intanet ɗinsu, ƙura ta rufe shi, a jone da soket ɗin, wayarsa ta intanet kuma har yanzu a maƙale a bango. Duk lokacin da Inna ta kunna soket don ta dafa shayi sai ya farka ya fara raba wa wayoyin gida amsar banza, in ta kashe ya koma barci.

Malama ta so ta zare shi shiru, amma Inna na tsaye a kanta da kofi a hannu. Dole ta yi mata bayani.

Inna ta ce a hankali, "Ashe dai ni ce."

"Ba ke ba ce, Inna. Baban yara, zo ka ga wani abu."

Ya leƙo, ya ga akwatin, ya fara sosa ƙeya. "Au, wannan? Na ɗauka na cire shi tun bara. Ki yi haƙuri, Inna, laifina ne."

"Shi ne kullum kake zuwa falo kana hararar marar laifi?" in ji Inna. Dariya ta ƙwace mata har shayin ya zube a hannunta. Rabon da Malama ta ji wannan dariyar tun Baba yana da rai, sai ta ji ƙwalla ta cika mata ido.

Inna ta goge hannu da bakin zane, ta dubi surukinta. "To tunda ka shigo, ɗana, kama gadon nan ka matsar min da shi kusa da taga. Tun zuwana nake so, na ga baƙo ba ya sauya wa mutane ɗaki ne na yi shiru."