Layi na Shida

Karo na huɗu ke nan tana buga umarnin, baƙin allon yana amayo mata jan rubutu: ba a sami fakejin ba, wato ƙunshin manhajar da take son girkawa. Ta ɗan karkatar da kwamfutar don kada maƙwabciyar teburinta ta gani.

Yau ce ranarta ta farko a kamfanin. Da safe shugaban sashe ya miƙa mata takarda mai layi shida. "Kayan aikin da za ki girka ke nan kafin ƙarfe biyu," in ji shi. "Ke da kika rubuta manhajar lissafin magungunan nan, wannan ai shan ruwa ne."

Manhajar ce ta sama mata aikin, kuma ba ita ta rubuta ba. Autarsu ce ta rubuta, da goyo a bayanta, bayan haihuwa ta raba ta da makaranta. Ita yayar launi kawai ta zaɓa, ta ɗora sunanta.

Ta shige banɗaki, ta saki famfo don ya danne muryarta, ta kira.

"Auta, ya ƙi sauka."

"Yaya, kin sabunta jerin fakejin da ke kwamfutar tukuna? Abin da ke sauko da kayan nan sai ya san me ke akwai kafin ya kawo. Sabunta, sannan ki nemi sunan da kanki. Kada ki kwafa daga takarda, suna canza suna." Kukan jariri ya katse ta, ta jijjiga shi ta dawo. "Ya ofis ɗin? An ba ki kujera mai juyawa?"

"An ba ni."

"Kai, Yaya manya! Ki juya sau ɗaya saboda ni."

Da akwai ko ɗigon hassada a muryar, da ta fi samun sauƙi.

Ta koma ta yi yadda aka ce. Rubutu ya riƙa gudu a allon, fakeji biyar suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Tana shirin na shida shugaban ya tsaya a bayanta, ya leƙa, ya tafa hannu.

"Jama'a, ku ji! Ashe sunan da ke takardarmu ya tsufa. Wata uku muna fama, baƙuwa ta gano a rana ɗaya."

Aka yi mata tafi. Ta sunkuyar da kai, suka ɗauka kawaici ne.

Da ya koma ofishinsa ta bi shi, ta rufe ƙofa.

"Yallaɓai, ba ni na gano ba. Ƙanwata na kira a banɗaki. Manhajar ma tata ce."

Ya cire tabarau ya goge a hankali. Ta tsaya tana kallon igiyar takalminsa.

"Ina take aiki?"

"Gida. Tana da jariri."

Ya tura mata biro da 'yar takarda. "Lambarta."

Ta rubuta, ta miƙa masa. "Ni fa, yallaɓai?"

Ya duba agogo. "Saura minti arba'in, saura layi ɗaya. Ki bar wayar a nan."

Ta ajiye ta a kan teburinsa. Ba ta kai ƙofa ba wayar ta fara ruri, sunan Auta na haskawa. Ba ta waiwaya ba.