Benen da Ya Ƙi Faɗuwa

Magini irin mutumin nan ne da ko sunansa ka tambaya sai ya fara da "to, ina jin". Hannunsa ya san aiki, baki ne dai Allah bai ba shi ba. Shi ya fara ganin tsagar da ke jikin ginshiƙin ƙarƙashin matakala, a benen da suke haya. Ya zura farce, ya zura yatsa, siminti ya zubo kamar gari. Rodin ciki ya yi tsatsa har ya kumbura.

Mai kula da gidan kuwa yayan matarsa ne, wanda ake kira Rediyo, don in ya buɗe baki ba mai iya kashe shi. Shi da Magini ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba.

Aka tara 'yan haya a tsakar gida, tsakanin famfo da igiyoyin shanya. Magini ya miƙe, ido a ƙasa, yana murza hularsa.

"To, ni dai ina jin ginshiƙin nan, wataƙila... ba wai na ce zai faɗi ba, amma dai..."

"Zai faɗi ko ba zai faɗi ba?" Direba na hawa na biyu ya katse shi.

"Allah ne masani. Yana iya daɗewa, yana iya..."

Rediyo ya tuntsure da dariya, ya taka har gaban ginshiƙin ya daka masa tafin hannu. "Jama'a, ku dube ni nan. Ginin nan sai ya ga jikokinmu! Mijin ƙanwar tawa aiki yake nema, kasuwa ce ta yi masa sanyi."

Nan fa aka yi wa Magini caa. Wani ya ce baƙin ciki ne, wata ta ce mugun fata. Ya koma ɗaki, can ma bai samu sauƙi ba.

"Wa zai kwashe 'ya'yansa saboda wataƙila?" in ji matarsa. "Yaya ko bulo bai taɓa ɗagawa ba, amma cikin ido yake kallon mutane. Kai kuwa takalminka kake kallo, kamar shi ka kira taro."

"Ai ban san ranar da zai faɗi ba."

"To ka ba su lokaci, ka tsaya a kai. Ko sai an tono mu?"

Ta ƙwace hular, ta tsayar da shi gaban madubin sif, ta ce ya fara. Duk sa'ad da "wataƙila" ta kuɓuce masa sai ta buga cokali a kwano. Ya ji haushi, ya ji kunya, amma ya koya.

Da hadari ya fara haɗowa aka sake taro. Wannan karon Magini bai tsaya a lungu ba. Ya zo da guduma, ya ɗan ƙwanƙwasa ginshiƙin, wani ɓari ya faɗo a gaban kowa. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ya bar shirun ya yi nauyi, yadda aka koya masa.

"Ginin nan ba zai ga ƙarshen damina ba. Ni magini ne, na faɗa muku. Ni da iyalina mun tashi."

Muryar kamar ta aro ce, kuma a ransa ya san bai san haka ba. Amma abin mamaki, har daɗi ya ji. Rediyo ya yi ta haƙilo, ba wanda ya waiwaye shi. Direba ne ya fara ɗaure kaya. Tela, wadda mijinta ya rasu, wadda duk masu kawo mata ɗinki 'yan layin ne, ta sauko da keken ɗinkinta tana hawaye tana sa wa Magini albarka.

Damina ta zo, ta yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta wuce. Bene ko gezau.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Rediyo ya sa aka shafe tsagar, aka yi fenti, aka zuba sababbin 'yan haya. Direba in ya hango Magini a titi sai ya danna masa oda ya tofar da yawu. Tela ta tare shi a bakin kasuwa ta ce, "Ka raba ni da abincina a banza. Allah ya isa." Masu ba shi aiki suka janye, don wa zai ba maƙaryaci gininsa? Matarsa ma cewa ta yi ita ba ta ce ya ambaci damina ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne halin da ya tsinci kansa a ciki. Ko motar yashi ce ta juye kaya ya ji rugugi, sai gabansa ya faɗi, kuma ba tsoro ba ne, fata ne a ce benen ne ya faɗi. Ya tsani kansa saboda haka.

Wata rana da tsakar rana ya kasa wucewa, ya leƙa gidan. Yara na wasa a ƙarƙashin matakala, don nan ne inuwa. Tsagar ta sake ɓullowa ta cikin fenti, ta fi da faɗi. Ya daka musu tsawa suka watse. Uwarsu ta fito da kumfar wanki a hannu, ta kalle shi sama da ƙasa.

"Au, kai ne maginin? Ai an ba mu labarinka. To faɗa mini, wannan karon yaushe zai faɗi?"

Ya tsaya sosai, ya kalle ta cikin ido yadda aka koya masa. Ya lalubi bakinsa, bai samu komai ba sai gaskiya.

"Ban sani ba."

Ta yi tsaki, ta juya ga yaran. "Ku bar rana, ku koma inuwarku."