Jitar da Nong Pilo Ya Sayo a Mactan

Mijin yayata, Teofilo Cabahug, wanda duk unguwa ke kira Nong Pilo (Nong muke ce wa wanda ya girme mu), ya yi shekara talatin da ɗaya yana zuba wa injin jirgin ruwa mai. Da ya yi ritaya ya dawo mana Mandaue, garinmu a tsibirin Cebu, da tumbi, da agogon zinariya, da kunne ɗaya da ƙarar inji ta kashe, ɗayan ma sai an ɗaga murya. In ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ne kyaftin.

Ni wanzami ne, shagona yana kallon ƙofar gidansa. A kan kujerata ya fara furta maganar, tawul a wuya.

"Celso, jita zan koya."

"A wannan shekarun, Nong?"

"Mutumin da ya gyara inji a tsakiyar teku, tsirkiya shida ce za ta gagare shi? Wata ɗaya na ba kaina."

A unguwarmu jita ba abin a zo a gani ba ce. Mai sayar da kifi yana kaɗawa, mai gadin makaranta yana kaɗawa. Wanda ya fi kowa kuwa shi ne Ruel, direban babur mai ƙafa uku, da wata tsohuwar jita wadda aka ɗaure wuyanta da wayar lantarki. Na ce wa Nong Pilo ya ari ta wani ya gwada tukuna. Ya dube ni ta madubi kamar na ce ya ari ɗan kamfai.

Ran Asabar ya sa na rufe shago muka haye gada zuwa Mactan, wurin wani tsohon maƙerin jita mai suna Diosdado. Tsohon ya dubi yatsun Nong Pilo, gajeru masu kauri kamar ayabar dafuwa, ya ɗauko masa wata mai tsirkiyar roba, mai taushi, ta peso dubu uku.

"Wannan ta masu farawa ce. Ba za ta yanka maka yatsu ba."

"Na yi maka kama da ɗan makaranta? Waccan nawa?"

Waccan tana rataye can sama, ta itacen nangka, an yi wa bakinta ado da ɓawon kawa mai ƙyalli, tsirkiyoyinta na ƙarfe. Dubu ashirin da biyu. Diosdado ya ce masa jitar masu wasa a otal ce. Abin da ya ƙarasa cinikin ke nan. Ko ragi bai nema ba. A mota ya biya mata kuɗin kujera, ni kuwa na dawo a tsaye.

Ruel ya zo da kansa washegari, ya ce zai nuna masa kamun farko kyauta. Nong Pilo ya tsaya a bakin ƙofa bai ce masa ya shigo ba.

"Na gode, Dong," in ji shi, yadda muke kiran wanda muka girma. "Akwai wani Bature a waya da nake bi. Shi da tsari yake koyarwa."

Baturen waya bai san Nong Pilo ba ya ji ba. Bai kuma san ba a taɓa saita jitar ba tun da ta bar Mactan. Kullum bayan abincin rana sai ya fito baranda, ya jingina wayar da kwalbar ruwa, ya fara. Sautin kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti. Cikin mako guda yatsunsa suka yi ƙuraje suka fashe, ya naɗe su da filasta ya ci gaba. Wannan kam ba zan hana shi ba, mutumin yana da naci. Akwai wani kamu da ake kira F, wanda sai ka danne tsirkiyoyi duka da yatsa ɗaya. Da ya iso nan sai ya yanke hukuncin cewa jitar ce ke da aibi. Sau biyu yana mayar da ita Mactan. A karo na biyu Diosdado ya karɓa, ya murɗa kunnuwanta, ya kaɗa wata waƙa har matar da ke goge katako ta ajiye aikinta, sannan ya miƙa masa.

"Lafiyarta ƙalau, Nong. Hannun ne ba ni na ƙera ba."

Yayata Conching ita kaɗai ta faɗa masa gaskiya. Ta ce kajinta sun daina ƙwai. Ya ce mata ita mace ce da ba ta taɓa fita daga Cebu ba, me ta sani game da kiɗa.

Mu sauran kuwa muna da dalilinmu. Nong Pilo ya ƙirƙiro zaman Asabar da yamma a barandarsa: gasasshen naman alade, shinkafar da aka dafa cikin ganyen kwakwa, bammi galan guda, giya mai sanyi. Sharaɗin kawai ka zauna ka ji shi. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Mukan kai mu goma sha biyu, mu cika baki, mu gyaɗa kai. Wani ya ce salon nasa na ƙasar waje ne, shi ya sa kunnenmu bai saba ba. Ni da bakina na ce masa na ji irin wannan kaɗawar a rediyo. Ban yi ƙarya ba, na ji, lokacin da tasha ta ɓace.

Da bikin waliyyin unguwa ya matso, Nong Pilo ya saya wa ƙaramin cocinmu sabuwar lasifika da makirfo huɗu. Kwana biyu bayan haka ya je wurin Madam Erlinda, tsohuwar shugabar makaranta da ke jagorantar mawaƙan coci, ya ce a bana shi zai raka su da jita. Madam Erlinda ta koyar da rabin unguwar, ba ta taɓa jin tsoron kowa ba, amma lasifikar tana da kyau ƙwarai. Ta zo shagona da rana tsaka, ta rufe ƙofa.

"Celso, kai ne surukinsa. Ka hana shi."

"Madam, ranar Asabar ke ma kin ce yana ci gaba."

"Na ce yana ci gaba. Ban ce ina ya nufa ba."

Ita ta kawo dabarar, ni na ja wayar. Za a kafa wa Nong Pilo kujera a gaba da makirfo a bakin jitarsa, sai dai wayar makirfon za ta ƙare ne a bayan tukunyar fure. Ruel zai zauna a bayan labulen da ke gefen bagade, da tasa tsohuwar jitar da makirfo mai rai. Mawaƙa ashirin za su danne duk abin da ya tsere daga hannun Nong Pilo. Ruel bai so ba. Ya ce abin ba daɗi. Madam Erlinda ta tuna masa wanda ya koya masa karatu, ya yarda.

Ranar biki coci ya cika har waje. Nong Pilo ya sa farar riga mai aiki, ya shafa mai a gashi. Aka fara waƙar shiga, lasifika ta saki wani kiɗa mai tsabta, mai ratsa jiki. Na ga fuskarsa. Da ɗan kunnen da ya rage masa ya ji kiɗan, ya dubi yatsunsa, ya dubi lasifika, idonsa ya kawo ruwa. Ya juya ya nemi Conching a cikin jama'a ya ɗaga mata gira.

Waƙa biyu suka wuce lafiya. A tsakiyar ta uku, ɗan ɓallin robar da yake kaɗa tsirkiya da shi ya suɓuce ya faɗa cikin ramin jitar. Ya tsaya. Ya leƙa ramin. Ya ɗaga jitar sama da hannu biyu, ya kife ta, yana girgizawa kamar mai zazzage asusu. Lasifika kuwa ba ta fasa ba, har da wani ɗan salo da Ruel ya ƙara a ƙarshen baiti.

Ɓallin ya faɗo ƙasa. Nong Pilo bai ɗauka ba. Jitar tana kife a hannunsa, yana sauraron kansa yana kaɗawa. Wata tsohuwa a layin gaba ta toshe baki da mafici, kafaɗunta suna rawa, daga nan abin ya bi layi-layi har waje. Fada ma ya sunkuyar da kai cikin littafi ya daɗe bai ɗago ba. Nong Pilo ya bi wayar makirfon da ido har tukunyar fure, sannan ya dubi inda nake tsaye. Ya zauna ya ɗora jitar a cinya, bai sake taɓa ta ba, bai kuma fita ba har aka idar.

Asabar ta zagayo, ƙofar gidan Nong Pilo a rufe. Mutum shida suka zo suka yi ta shawagi a gaban shagona, suka watse. Da Litinin sai ga waɗanda suka fi kowa cin naman suna cewa ai su tun farko sun san wauta ce, mutum ya tsufa bai san ya tsufa ba. Conching ta tare ni a kasuwa.

"Ni na ce masa bai iya ba, ya yi fushi da ni kwana uku. Ku kuka ce masa ya iya, kuka cinye masa alade bakwai. A cikinmu wa ya zage shi?"

Na ce kifi ya yi tsada.

Bayan kwana goma Nong Pilo ya fito da jitar a cikin jakarta. Na ɗauka Mactan zai mayar da ita a sayar. Sai na ga ya nufi tashar masu babur, inda Ruel ke jiran fasinja. Na bi shi daga nesa, don wanzami ba ya rasa dalilin wucewa.

"Dong, kai ne a bayan labule?"

"Ni ne, Nong. Ka yi haƙuri."

"Wancan abin da ka yi a ƙarshen baiti, shekara nawa ka yi kafin ka iya?"

"Tun ina ɗan tara nake kaɗawa."

Nong Pilo ya lissafa shekarun da suka rage masa. Sannan ya zauna a kan bencin direbobi ya zuge jakar. Ruel ya karɓi jitar, ya ja tsirkiya ɗaya, ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Ya saita ta, ya cire tsirkiyoyin ƙarfen washegari ya sa masu laushi, ya hana shi taɓa F sai bayan wata uku. Yakan yi masa tsawa a gaban sauran direbobi, cikin kunnen da ke ji, Nong Pilo ya ce "to". In fasinja ya zo Ruel ya tafi ya bar shi a benci yana maimaita kamu biyu, direbobi suna yi masa ba'a, shi ko a jikinsa, rabin ba'ar ma ba ya ji.

Yau wata takwas ke nan. Madam Erlinda ta aika masa takardar neman gudummawar fentin coci, ya aika mata da amsa cewa zai bayar ranar da aka jona makirfonsa. Ta ce kwamiti zai zauna a kai. Ni yana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan.

Jiya Ruel ya zo aski, na tambaye shi gaskiyar yadda ɗalibinsa yake.

"Yana da waƙa biyu yanzu. Ta farkon har ana gane ta."

"Wato ya iya?"

"Ina fa. Ya dai kai matsayin wanda bai iya ba. Da can ko nan bai kai ba." Ya karkata kai ya duba madubi. "Rage mini gefen nan, Nong Celso, ɗalibin nawa yana jira na a tasha."