Lasifikar Baya ta Hagu

Dagoberto bai taɓa zama mutumin kayan kiɗa ba. Wannan harkar ƙanensa Wilfrido ce, mai piko, tulin lasifikokin nan masu tsayin ƙofar gida da ake jibgewa a bakin titi ranar Asabar a hana duk unguwar Rebolo jin maganar juna. Shi Dago walda ya yi a tashar jiragen ruwan Barranquilla har ya yi ritaya, kuma ƙarar da ya sha a can ta ishe shi har ƙarshen rayuwa. Amma sai ga shi da furfurarsa yana bin kasuwar tsofaffin kaya, yana ɗaga lasifika yana leƙa bayanta kamar mai zaɓen kifi.

Dattijo Plinio ne ya jawo masa. Wani tsohon mai busa ƙaho ne a ƙungiyar da marigayiya Emilse, matar Dago, ta yi wa amshi tun tana budurwa. A wajen wata jana'iza suka haɗu, hira ta kai su kan faifai ɗaya tak da ƙungiyar ta taɓa yi. Dago ya san faifan, yana da kaset ɗinsa, amma me zai yi da shi? A waƙa ta uku kaɗai mata suka yi amshi, su uku ne, kuma muryoyinsu a cakuɗe suke ƙarƙashin ƙaho da ganga, ba ka isa ka ce ga wance ba. Nan Plinio ya ce ai akwai wani bugun na daban, na lasifika huɗu, wanda aka yi 'yan kaɗan lokacin da abin yake tashe, kafin ya mutu murus. A cikinsa an raba 'yan amshin, kowacce da kusurwarta. Emilse tana baya ta hagu, ita kaɗai.

Dago bai jira ya isa gida ba ya kira 'yarsa Yadira, wadda take aikin jinya a Santa Marta. Tana rarrafe uwarta ta rasu. Hoto take da shi, da zobe, da labaran 'yan uwa, amma murya babu. Ya yi mata alkawari cewa zai zaunar da ita ta ji uwarta tana waƙa.

To fa, ashe ba faifai kawai za ka saya ka ɗora ba. Faifan ma sai da ya kwashe watanni yana lallashin wani tsoho mai taurin kai a Maracaibo kafin ya sakar masa. Daga nan aka ce sai na'urar ƙara sauti mai hanya huɗu. Ya samo wata da kyankyasai suka yi gida a ciki, ya kai ta gyara har ya gaji da zirga-zirga. Aka ce lasifikokin sai sun zama iri ɗaya, ya haɗa biyu daga nan, biyu daga can. Aka ce sai wani ɗan akwati mai jar fitila, shi ne yake raba sautin gida huɗu. Ya samo shi. Sai kuma allura, wata irin siririya da ba a sayarwa a ƙasar gaba ɗaya, dole a aiko daga waje.

Mai gyaran ya ja masa kunne a kan abu ɗaya. A cikin layin faifan akwai wani sauti na biyu, siriri ƙwarai, kunnen mutum ba ya jin sa, kuma shi ne yake gaya wa akwatin inda kowace murya za ta je. Allura mai kaifin banza ko mai nauyi tana bi ta kansa za ta aske shi, kuma in ya tafi ya tafi ke nan. Don haka Dago bai taɓa ɗora faifan ba ko sau ɗaya. Ya sa shi a saman kwaba, a cikin kwalinsa, yana wucewa yana kallonsa kawai.

Duk wannan ya gaya wa Wilfrido dalla-dalla, tunda gida ɗaya suke, gidan gado, kuma a tsakar gidan ake ajiye piko. Wilfrido ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kunne biyu Allah ya ba mutum, me zai yi da lasifika huɗu in ba neman suna ba? Ya ce shekara talatin yana juya fayafayai, faifai dai faifai ne. Dago ya yi banza da shi, abin da bai kamata ya yi ba.

Ranar Juma'a allurar ta iso. Yadira ta ce Lahadi za ta shigo motar safe. Da hantsin Asabar Dago ya gama jera lasifikokin a kusurwoyin falo, ya wanke hannu da sabulu, ya sauko da kwalin, ya zaro faifan.

Takardar da ke tsakiyarsa babu. An kankare ta da reza fes, gaba da baya, sai ɗan farin saura da zanen baƙin alƙalami na kan kada. Ya ɗaga faifan ya kalli haske. Sauran waƙoƙin baƙaƙe ne suna ƙyalli, amma layin waƙa ta uku ya koma ruwan toka.

Duk wanda ya tashi a Rebolo ya san ma'anar wannan. In mai piko ya samu faifan da abokan gasarsa ba su da shi, abu na farko da zai yi shi ne ya kankare sunan, don kada wani ya leƙo ya karanta ya je ya nemo nasa. Sannan ya raɗa wa waƙar sunan da ya ga dama. Kan kadan kuwa ba sai an tambaya ba, shi ne zanen da ke gaban pikon Wilfrido.

Dago ya mayar da faifan a hankali. Ya fita ko takalmi bai sa ba.

A kan kwanar layinsu ya sami su Wilfrido. An tare titi da igiya, an ɗora tukunyar romon kifi da rogo a kan itace, maza suna ta jan waya a cikin rana. Wilfrido yana tsaye a bayan teburin na'urorinsa da hular kwano da kwalba a hannu, yana ba da umarni. Idon Dago bai sauka a kansa ba, a kan hannun garmahon ya sauka. An ɗaure kwandala biyu da salatif a saman allurar, kamar yadda kowane mai piko yake yi, don kada rugugin lasifika ya sa ta tsalle.

“Yaya Dago, yau kai ne a titi ba takalmi? Ko lasifika ta biyar ka fito nema?”

Mutane suka yi dariya. Dago ya tambaye shi sau nawa ya ɗora faifan. Wilfrido bai ma yi ƙoƙarin musu ba, fuskarsa sai ta cika da murna, wai shi a dole ya yi abin kirki. Ya ce wa yake ƙirgawa? Tun kafin kanibal, bikin rawar titi na shekara-shekara, yake ɗauka, kuma kullum yana mayarwa inda ya gan shi, ko ƙwarzane babu. Ya ce da waƙar nan ya rufe bakin pikon garin Soledad, ya kunyata na garin Malambo, masu leƙen asiri sun yi ta zagaya teburinsa ba su ga komai ba. A rawa ɗaya sai a sa shi ya maimaita ta har ya gaji.

“Kuma ka san sunan da na sa mata? Emilse. Duk garin nan yanzu sunan matarka ake kira. Ni na fito da ita daga saman kwaba, Yaya. Kamata ya yi ka gode mini.”

A nan idon Dago ya rufe. Ya kama hannun garmahon ya fizge shi da wayoyinsa da kwandalolinsa, ya yi jifa da shi, ya faɗa cikin tukunyar romo. Ya ɗauki kujerar ƙarfe ya nufi babbar lasifikar, ya zuba mata a daidai bakin kadan, ƙyallen ya yage. Sai da maza huɗu suka riƙe shi, dattijon da ko tsawa ba a taɓa jin ya yi wa yaro ba. Yana fizge-fizge yana zagin ƙanen nasa, zagin da bai san ya iya ba, har ya haɗa da uwar da ta haife su su biyun, Allah ya ji ƙanta.

“Na gaya maka! A tsakar gida na zaunar da kai na gaya maka, ka yi mini dariya!”

“Haba, Yaya, faifai lafiyarsa lau. Jiya ma ya yi kiɗa rangaɗau. In takardar ce damuwarka, a manna wata.”

“Yadira za ta zo gobe.”

Sai Wilfrido ya ce to a sayo wani mana, shi zai biya. Dago ya tofa yawu a gaban teburin, ya ce masa daga yau ya kwashe tarkacensa daga tsakar gidan, in ba haka ba zai sa musu wutar walda. Ya koma gida kwalta tana ƙona masa tafin ƙafa, bai ji ba.

Da yamma, bayan numfashinsa ya dawo, ya ɗaura sabuwar allurar ya ɗora waƙa ta farko, wadda Wilfrido bai damu da ita ba don ba ta rawa ba ce. Jar fitilar ta kama. Ƙaho ya tashi daga gabansa, ganga ta amsa daga bayan kafaɗarsa ta dama, har ya waiwaya ya ga ko wani ne ya shigo. Abin yana aiki, yana aiki yadda Plinio ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Ya ɗage allurar kafin ta kai waƙa ta uku. In akwai abin da ya rage a wurin, ba zai cinye shi shi kaɗai ba.

Yadira ta iso Lahadi da rana, da jakarta da ledar alewar kwakwa da ta kawo masa. Ta ga kujerar da ya ajiye mata a kusurwar baya ta hagu, dab da lasifikar, ta yi murmushi ta ce ashe da gaske Baba ya zama ɗan gayu. Bai gaya mata abin da ya sami faifan ba. Ya kasa. Ta zauna ta haɗa gwiwoyi, ta cire 'yan kunnenta ta riƙe a hannu.

Ya sauke allurar a kan layin mai ruwan toka. Fitilar ta kama, ta ɗauke, ta sake kamawa, sannan ta mutu. Lasifikar da ke bayan Yadira ta fara wata ƙara irin ta mai a kasko, ƙaho da ganga da komai suka afka cikinta a dunƙule. Amshin ya shigo. Mata uku, a cakuɗe, daga ko'ina, daidai da tsohon kaset ɗin, sai ma ƙarin tsatsa.

Yadira ta manna kunnenta da ƙyallen lasifikar ta rufe ido. A zagaye na biyu na amshin, wata murya ta ɗan ɗago sama da sauran, ta ja ƙarshen kalma, ta koma ciki. Ta ɗaga hannu da sauri.

“Wannan, Baba. Mai jan ƙarshen nan. Ita ce?”

Dago ya matso ya durƙusa, gwiwarsa tana ƙara. Ya sa kunnensa kusa da nata ya jira zagaye na uku. Muryar ta sake ɗagowa. Ya yi ta lalube a cikin kansa yana neman yadda Emilse take kiran sunansa daga kicin, yadda take yi wa jaririya waƙa, ya tarar ba komai a wurin, shekaru sun riga sun kwashe. Ashe ba Yadira kaɗai yake haɗa wa lasifikokin nan ba. Ta buɗe ido tana kallonsa, tana jira.

“Ban sani ba,” ya ce. “Wallahi, 'yata, ban sani ba.”