Abin da Na Faɗa wa Ismaël a Kan Gada

Ni tun ranar da Ismaël ya kawo motar nan jinina bai haɗu da ita ba. Ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa, in za ki shiga sai kin durƙusa kamar mai leƙa akurki. Daga Lome aka taso masa ita, bayan Turawa sun gama cin ƙuruciyarta. Na ce masa wannan ba motar mai hankali ba ce. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke dai keken ɗinki kika sani."

Ƙanena ne, ciki ɗaya. Ni na goya shi a Maradi, kuma a gidana ya sauka lokacin da ya zo Yamai neman aiki. Saboda haka ina da bakin yi masa faɗa, kuma ina yi, safe da yamma. Shi kuma ya saba, in na ce hagu sai ya yi dama don ya ga yadda zan yi.

Ba a jima ba motar ta fara nuna hali. Bolan ɗin tuƙi, wato sitiyari, shi ne ya soma wasa da shi. Yana cikin juyawa sai ya ƙage, ya sa ƙarfi, can kuma ya sake masa gaba ɗaya, ana jin wani ƙas-ƙas daga wajen ƙafafunsa. Ya ƙara mai, ya canza tayoyin gaba, duk a banza. Da ƙyar na tisa ƙeyarsa zuwa wurin Malam Sumana, wanda garajinsa ke kallon shagon ɗinkina a unguwar Lazare.

Sumana Bazabarme ne, dattijo, maganarsa ba ta da yawa. Ya ɗaga gaban motar, ya sa Ismaël ya yi ta juya bolan, shi kuma ya cusa kai ƙarƙashi wajen birki yana laluben wani ƙarfe. Da ya fito ya ce duk motoci irin wannan da ciwon nan aka san su. Akwai wani ƙarfe mai gwiwa da suke kira kardan, shi ke haɗa bolan da ƙafafun gaba. A ƙasashen da motar ta fito gishiri suke watsawa a hanya lokacin sanyi, gishirin ya shiga gwiwar, tsatsa ta cinye ta. Ya ce kusan ya tabbata shi ne, amma a bar masa motar ya buɗe ya gani da idonsa.

Ranar Lahadi da hantsi muna da suna a Harobanda, tsallaken kogi. Na shirya zan tari taksi, sai ga jar motar a ƙofar gida, Ismaël a ciki ya sha shadda yana ta murmushi.

"Har an gyara?"

"Ya kira ni ɗazu, rezon waya na yankewa, amma na ji ya ce ya gama. Na je ba ya nan, na sa ɗayan makullina na ɗauko."

Na durƙusa na shiga, ina mita.

Ya ƙure kiɗa daga wayarsa. Ina gani ana ta kiransa yana katsewa, wai kada a ɓata masa waƙa. Mun kusa shataletalen Gaweye sai tawa wayar ta yi ƙara. Malam Sumana ne. Na toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Hajiya, motar Ismaël ba ta garaji. Kin san inda take?"

"Muna cikinta."

Sai ya rage murya.

"Ki saurara, kada ki amsa mini. 'Na gano' na ce masa, ban ce 'na gama' ba. Kasuwar Katako na tafi neman sabon kardan. Bulon ɗin, ƙusar da ke ɗaure tsohon, na cire shi, ga shi nan cikin aljihuna. Yanzu ba abin da ke riƙe da bolan ɗin nan sai tsatsa."

Daidai lokacin Ismaël ya shiga shataletalen. Da tafin hannu ɗaya ya murza bolan, yana kaɗa kai. Na ji ƙas-ƙas ɗin nan a ƙasa, na ji shi har cikin haƙorana. Motar ta bi, ta zagaya, ta miƙe ta hau gadar Kenedi.

"Kuna ina?" in ji Sumana.

"Gada," na ce, a hankali.

"Innalillahi. To ya tsaya, amma kada ya juya. Ko gefen hanya kada ya nema. Kada ya fizga, kada ya danne birki da ƙarfi. Ya tsaya a miƙe inda yake. Ga ni nan zuwa."

Na sauke wayar a cinyata. Wanda ya san gadar nan ya san ba ta da faɗi. Hannu ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, sai ƴar hanyar masu ƙafa da ƙarfen gefe. Bayan ƙarfen kuma ruwa ne, kogi ya cika ya yi ja. A gefenmu ɗalibai na tafe da jakunkuna, da wata mata da yaro a baya da tiren mangwaro a ka. A ɗaya hannun manyan motoci na tahowa. A gabanmu wata tsohuwar taksi ce ke jan jiki, Ismaël ya manne mata a baya yana danna kilakson, wato hon, yana leƙe yana neman inda zai fita ya wuce ta. Can ƙarshen gada kuma wani shataletalen na jiranmu.

Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. Kuma na san yaron nan kamar tafin hannuna. In na ce ya rage gudu, zai ƙara don ya tsokane ni. In na ce ba ni da lafiya, zai karkata gefe ya tsaya, karkatawar ce kuma ba a so. In na faɗa masa gaskiya, to mun mutu, don shi in ya firgita hannunsa ke riga hankalinsa motsi. Akuya ta taɓa gitta mana a hanyar Saga, saura kaɗan ya zuba mu cikin gonar shinkafa.

Abu ɗaya na sani da ke sandarar da Ismaël. Ranar da aka gaya masa rasuwar babanmu, yana tsaye da kofin shayi a hannu. Bai yi kuka ba, bai zubar da shayin ba, haka ya ƙame har aka zo aka zare kofin daga yatsunsa.

Ya leƙa ya ga babbar motar da ke tahowa ta kusa wucewa. Na ga ya gyara zama, ya ɗora hannu na biyu a kan bolan.

Na miƙa hannu na kashe kiɗan.

"Ismaël."

"Yaya, don Allah..."

"Daga Maradi aka kira. Inna ce. Allah ya yi mata cikawa."

Wallahi da bakina na faɗa, kuma muryata ko rawa ba ta yi ba. Uwarmu da ta haife mu, wadda na yi waya da ita bayan asuba tana tambayata ko na ɗinka wa jaririyar riga.

Bai juyo ba. Hannayensa suka tsaya inda suke. Na ji kukan injin yana sauka, taksin ta fara yi mana nisa. Motar ta ci gaba da gangarawa a miƙe, ana ta kilakson a bayanmu, wani mai babur ya wuce yana zagi.

"Taka birki a hankali, ƙanena," na ce. "A hankali. Kada ka motsa hannunka."

Ya bi maganata kamar yaron goye. Muka tsaya a tsakiyar gada, a tsakiyar hanya. Na kama birkin hannu na ja, na riƙe shi da hannu biyu.

Leɓɓansa na motsi, yana son ya yi salati ya kasa. Hawaye na zuba a kan shaddar. Ban iya barinsa a haka ba.

"Inna tana nan da ranta. Ƙarya na yi maka."

Ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a idonsa ba, kuma ba na fatan in sake gani.

"Yaya, kin haukace ne?"

Na gaya masa abin da Sumana ya ce, kalma bayan kalma. Bai yarda ba. Ya ce tun daga Lazare yake tuƙa motar nan ba abin da ya same ta, tsoho ne kawai da tsoron banza, ni kuma ba ni da imani. Ya ce in sakar masa birki ya kauce wa mutane. Na ƙi. Cikin fushi ya kama bolan ya murza da ƙarfi, wai ya nuna mini.

Wani abu ya ce ƙwal a wajen ƙafafunsa. Bolan ya tafi, ya yi ta juyawa shi kaɗai kamar faifai a kan yatsa, motar ko gezau. Ya janye hannayensa ya ɗora a cinya. Muka zauna muna kallonsa har ya gaji ya tsaya.

Ɗan sanda ya iso yana faɗa, ya leƙo, ya taɓa bolan da yatsa ɗaya, sai ya koma yana raba motoci. Can sai ga Sumana a bayan babur ɗin kabu-kabu, rungume da sabon ƙarfen cikin takardar siminti. Tun da ba a iya tura motar ko'ina, a nan ya kwanta, bayansa a bakin ƙofa, ƙafafunsa a kan kwalta. Ya kwance tsohon kardan daga ƙasa ya miƙo waje. Ja wur da tsatsa, gwiwar ta ƙage, ɗan sandan ya gwada lanƙwasa ta da hannu biyu ya kasa. Sumana ya daidaita tayoyi suka kalli gaba, ya daidaita bolan, ya zura sabon sama da ƙasa. Ya ciro bulon daga aljihu, ɗan ƙarfe da bai fi ƙaramin yatsana ba, ya sa shi a raminsa ya ɗaure. Ya juya bolan har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama, tayoyin suna bi sumul, ba ƙas ba ƙis.

Ismaël na tsaye jikin ƙarfen gada, ya ba mu baya. Na je kusa da shi. Ya riga ya danna lambar Inna, ya sa muryar a fili. Tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Can aka ɗauka.

"Isma'ila? Kun isa wajen sunan?"

Ya miƙo mini wayar.

"Inna, ni ce. Muna hanya."

"Me ya sami ɗan'uwanki ya yi shiru? To ku gaida mai jego. Ni ma ina kwance ne, shi ya sa na daɗe ban ɗauka ba. Ɗazun nan ina tsakar gida na ji wani abu ya soke ni a ƙirji, sai da na dafa bango. Amma da sauƙi."

"Yaushe, Inna?"

"Yanzun nan, ba a jima ba."

Na ji gadar tana motsi a ƙarƙashina. Ismaël ya zuba mini ido.

"Yaya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ki ce Allah ya ba ta lafiya."

Inna na ta kiran sunana a waya, tana tambaya ko rezo ne ya yanke. Ni kuwa na tsaya da wayar a hannu, ina tsoron in sake buɗe bakina.