Gilashin Lamont

Koci Brantley, mai horar da 'yan ƙwallo, yana kan tarwaɗarsa ta uku lokacin da ya zaro jaridar daga aljihun kwat, ya shimfiɗa min ita a kan tebur, kusa da kwanon ganye. Ranar Lahadi ce, ko hular coci ban cire ba.

"Malama Odessa, ni ba na son maganar wani a bayan idonsa," in ji shi, yana lasar yatsa. "Amma ga shi a rubuce."

Duk jihar Mississippi ba wanda bai ji ba. An kama jami'ar arewacin jihar, wadda muke ce wa arewa: shekara shida ana rubuta wa 'yan ƙwallonta jarrabawa, ana ba su maki a azuzuwan da ba su taɓa takawa ba. Hukumar wasanni ta hana su shiga gasa har shekara biyu. Tun daga ranar kociyoyin sauran jami'o'i suka yo caa a kan gidana kamar ƙuda ya ga mangwaro, saboda autana Kendrell, wanda duk gundumarmu ba mai kamo shi in ya rungumi ƙwallon Amurka ya zura da gudu. Da ma arewa ya yi wa alkawari, don can yayansa ya buga. Brantley kuwa na jami'ar kudu ne, abokan gabarsu tun kaka da kakanni, murna kamar ta fasa masa maɓallin riga.

Ya tura jaridar gaban babban ɗana. "Lamont, kai ka zauna da su. Karanta wa mama sakin layi na uku, ta ji irin mutanen."

Lamont ya shafa aljihun ƙirjinsa. "Na manto gilashina a shago, Koci."

Na sunkuyar da kai. Shekara biyar ke nan yana manto gilashin nan. Yana manto shi a coci in an miƙo masa Littafi Mai Tsarki, yana manto shi a asibiti in an ba shi takardar cikewa. Ya yi wa arewa wasa shekara huɗu har gwiwarsa ta fashe, ya dawo min da ɗingishi da takardar digiri. Digirin yana rataye a falo cikin firam, mai shi yana facin taya a bakin titi. Ni na sa hannu aka tafi da shi, kuma har yau abin yana ci na.

"A wurinku fa, yaya karatun?" na tambaya.

"Kada wannan ya hana ki barci. Muna da mutane musamman, su za su zaɓa masa darussan da ba za su gajiyar da shi ba. Shi dai ya yi gudu. Mu shekara talatin ba a taɓa kama mu da komai ba."

"Ba a kama ku ba na ji. Na ce yaya karatun?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya dubi Kendrell. "Kai, mamanka lauya ce! A ƙaro min shayin nan mai ƙanƙara."

* * *

Bayan ya tafi na jiyo Lamont da Kendrell a tsakar gida ina wanke-wanke.

"Ka je ƙaramar kwalejin nan ta bakin kogi," in ji Lamont. "Can in ba ka shiga aji ba, benci za ka ɗumama."

"Wa zai gan ni a can? Shanu? Ko a talabijin ba a nuna su."

"Ni an nuna ni. Sau ashirin da bakwai. Ka ga abin da na tsinta."

"Kai gwiwa ce ta cuce ka, tsoho. Tawa ƙarfe ce."

"Ba gwiwa nake maka magana ba, ƙaton banza."

Na jira Lamont ya ƙarasa, ya faɗa wa ƙanensa abin da bai taɓa faɗa wa kowa da baki ba, cewa bai iya karatu ba. Sai kawai na ji ƙarar ƙofar motarsa.

Na lallashi zuciyata da cewa Kendrell daban ne. Sakamakonsa kullum mai kyau, malamai suna tare ni a kasuwa suna yaba shi. Ni kuwa aikin wanki a gidan tsofaffi ba ya barin mutum ya zauna duba littafin yaro. Abin da takarda ta ce, shi na yarda da shi.

* * *

Ranar sa hannu a takardar shiga jami'a aka cika zauren wasan makarantar sakandare, har da masu ɗaukar hoto daga birni. An jera huluna uku a kan tebur yadda aka saba, wadda yaro ya sa ita ce jami'ar da ya zaɓa: ja ta arewa, shuɗiya ta kudu, da wata koriya ta kwalejin bakin kogi, wadda Lamont ya sayo da kansa ya ajiye. Kendrell ya ɗaga jar, ya yi kamar zai sa, ya wurgar da ita. Zauren ya ɗauki ihu. Koriyar ko kallonta bai yi ba. Ya kifa shuɗiyar a ka, 'yan ganga suka saki kiɗa.

Sai aka kawo takardar. Tun da bai cika shekara ashirin da ɗaya ba, ba ta aiki sai da hannuna. Shugaban makaranta ya danƙa min biro.

Wancan karon na Lamont ban karanta komai ba na sa hannu. Na yi wa Ubangiji alkawari ba zan sake ba. Na tura takardar gaban ɗana.

"Karanta min, Kendrell. Da ƙarfi, in ji abin da zan sa wa hannu."

"Haba Mama, a nan?"

"A nan."

Ya duƙa a kanta. Ya ɗora yatsa a layin farko. Sunansa ya fita sarai, sunan jami'ar ma haka. A kalma ta gaba yatsan ya tsaya. Na ga leɓɓansa suna motsi, na ga gumi ya tsattsafo a ƙarƙashin sabuwar hular.

Shugaban makaranta ya sunkuyo kunnena. "Malama Odessa, kyamarori suna jira. Yaron nan shi ne alfaharin garin nan."

Kendrell ya ɗago, ya yi wa jama'a murmushin nan nasa da ke sa 'yan mata ihu. Ya shafa aljihun ƙirjinsa.

"Ku yi haƙuri, jama'a. Na manto gilashina a gida."

Zauren ya fashe da dariya da tafi. Yaron da tun da na haife shi bai taɓa sa gilashi ba.

Na waiga ina neman Lamont. Ya riga ya kai ƙofa, yana jan ƙafarsa, koriyar hular a duƙunƙune a hannunsa. Biro yana hannuna, an zana ƙaramin gicciye da fensir a inda zan rubuta sunana.