Koren Zare a Cikin Wuya

Duk kasuwar Gadarif an san Malam Nu'uman tela da hali ɗaya: ba ya iya barin riga haka nan. Ka kai masa yadi ka ce jallabiya kake so fara sol, zai ce maka to, tamam. Ranar karɓa sai ka tarar ya zuba mata aiki a wuya, ya bi bakin hannu, har aljihu bai tsira ba. In ka yi magana ya ce, "Haba, ta yaya babban mutum zai fita da riga tsirara?" Kuma gaskiya mutane suna so. Lokacin yankan riɗi, in masu aikin gona suka shigo gari daga Ƙala'at an-Nahal yin sababbin kaya, rumfarsa suke fara tambaya.

To, a irin wannan lokaci ne autansa Faisal ya aiko da saƙon murya daga Ingila, inda ya shekara shida yana karatun injinan noma. Malam Nu'uman ya tsayar da keke, ya kara wayar a kunne.

"Baba, watan Disamba za a ba mu digiri, kuma ɗinkinka nake so in sa ranar. Amma don Allah simple, ka gane? Elegant haka, classic. Ban da flashy, Baba, don Allah."

Sau uku ya saurara. Farkon maganar ya faranta masa rai matuƙa, ƙarshenta kuwa ya tsaya masa a wuya. Kalmomi huɗu, ba Hausa ba, ba Larabci ba, ga "don Allah" har sau biyu. Yaron nan kunyar aikina yake ji ke nan? Abin da ya faɗo masa a rai ke nan. Kuma ai ba zai kira ɗan cikinsa ya ce fassara mini ba, ina!

Da la'asar ya koma gida ya tarar da matarsa Jummare a tsakar gida tana dafa jabana, gahawar nan tasu mai citta, tare da Ustaza Najwa, 'yar maƙwabcinsu da ke koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Ya zauna ya yi gyaran murya kamar ba abin da ya dame shi, sannan ya miƙa mata wayar.

"Ustaza, ji mini abin da ƙanin nan naki yake cewa."

Ta saurara tana murmushi. "Baffa, ai ba abin tashin hankali ba ne. Simple shi ne abin da ba a cika masa kaya ba, an bar shi sak. Elegant kuma kyau ne mai natsuwa, wanda ba ya ɗaga murya. Ba tufa kaɗai ba, har tafiyar mutum ko maganarsa akan ce musu haka, in sun fita tsaf ba hayaniya."

"To, na ukun fa?"

"Classic abu ne da ya daɗe amma ido bai gaji da shi ba, kamar farar jallabiya da rawani. Akwai wata kalmar daban, old-fashioned, ita ce ta abin da yayinsa ya wuce."

Malam Nu'uman ya gyara zama. "Wacce ya faɗa a ciki?"

"Ta farkon, Baffa. Yabo ce."

"Hmm. To, wadda ya ce ban da ita fa?"

"Flashy. Wato abin da ke ƙyalli tun daga nesa, yana kiran mutane su zo su kalla."

"Kamar me?"

Ustaza Najwa ta dubi rigar da ke jikinsa, mai ruwan zinariya tun daga wuya har cibiya, sai ta ɗauki finjalinta ta shiga kurɓa a hankali. Jummare kuwa ba ta da wannan kawaicin, ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Malam, ai an ba ka amsa!"

Shi ma ya yi dariyar, amma iya leɓe ta tsaya.

Washegari ya zaɓo farin yadi mai nauyi saboda sanyin can, ya yanka. Ya rantse wa kansa zai ba yaron abin da ya nema, ba ƙari ko na ƙwayar riɗi. Amma fa hannun da ya shekara arba'in yana zuba aiki ba ya jin rantsuwa. Yana cikin haɗa wuya sai ya ga yatsunsa sun riga sun ɗauko zaren zinariya. Ya mayar. Can an jima, ga su kan na azurfa. A rana ta biyu sai da ya tattara zarurrukan ado duka a leda ya kai wa Jummare.

"Ɓoye mini waɗannan. Ko na roƙe ki kada ki ba ni."

"Ikon Allah! Yau ga ranar da na daɗe ina jira," in ji ta.

Da ya rasa inda zai zuba gwaninta, sai ya zuba ta a ɗinkin kansa. Kafaɗa sau biyu ya kwance ta ya sake. Layin gaba ya fita miƙe sambal. Da ya rataye rigar ya ja baya ya duba, sai da ya ce ya salam a ransa, don ta yi kyau, ko da yake har yanzu gani yake kamar ba a gama ta ba.

Saura abu ɗaya. Gidansu suna da wata alama: ɗinki uku ƙanana da koren zare, kamar sawun tsuntsu, a cikin wuyan riga ta baya inda ba mai gani. Kakansa Daudu ne ya fara ta lokacin da ya taso da iyalinsa a ƙafa daga yamma za su aikin hajji, kafin Gadarif ta riƙe su. Ya ɗinka ta a rigar kowa, don in wani ya ɓace a hanya a san na wane ne. Tun daga nan duk rigar da aka ɗinka wa ɗan gidan sai an sa mata. Malam Nu'uman ya lalubo guntun koren zare a aljihun tebur, har ya zura a allura, sai ya tsaya. Ba a cika masa kaya ba, in ji Ustaza, an bar shi sak. Yaro yana can cikin Turawa, me zai yi da sawun tsuntsun Daudu? Wataƙila ma irin wannan ne abin da yayinsa ya wuce. Ya zare zaren ya ajiye. Abin ya yi masa ciwo, ba kaɗan ba, amma bai faɗa wa kowa ba. Ya ninke rigar ya ba Taha, abokin Faisal da zai koma can, ya tafi da ita.

Ranar bikin, ana fitowa daga sallar azahar, waya ta yi ƙara. Jummare ta matso, Ustaza Najwa ma ta shigo da saurinta. Ga Faisal a hoto, tsaye a ɗakinsa cikin farar rigar, ya fito fes.

"Masha Allah! Baffa, ka ga elegant ɗin da nake faɗa maka," in ji Ustaza.

"Baba, ta yi, wallahi ta fi yadda na zata," in ji Faisal. Sai ya sa hannu ya juyo da wuyan rigar ta baya, ya matso da shi gaban wayar. "Amma ina alamar? Na duba ko'ina ban gani ba."

Da ƙyar Malam Nu'uman ya ce, "Ai kai ka ce kada a ƙara komai."

"Ado na ce, Baba. Wannan ai ba ado ba ne. Duk rigar da na zo da ita tana da alamar. In abin duniya ya dame ni a nan, nan nake taɓawa."

Jummare ta juya ta dubi mijinta, ba dariya wannan karon. Shi kuwa ya goge fuska da tafin hannu, ya gyara murya.

"Kana da allura?"

"Taha yana da ita. Amma ba koren zare."

"Dardumar da uwarka ta ba ka, ba koriya ba ce? Zaro ɗaya daga gezarta. Cire rigar, maza, kada ka makara."

Haka aka yi. Faisal ya jingine wayar a tebur ya zauna da singileti, mai digiri guda yana fama da kafar allura, ubansa na yi masa faɗa daga Gadarif.

"Ba haka ba! Kama yadin ciki kawai, kada ta fito ta waje. Yawwa. Yanzu na dama. Kai, wa ya koya maka riƙon allura kamar mai riƙe da fartanya?"

Da ya gama ya ɗaga wuyan rigar ya nuna. Ɗinki ukun sun fita, ɗaya dogo, ɗaya gajere, na ukun ya kama gabansa daban. A rumfar Malam Nu'uman irin wannan ko minti ɗaya ba zai yi ba za a kwance shi.

"Ya karkace, ko? In kwance in sake?"

Malam Nu'uman ya matso da wayar ya dubi ɗinkin da kyau.

"Bar shi haka, ya waladi, ɗana. Sa rigarka ka tafi. Duk inda aka gan ka, za a san namu ne."